Tebur na Huɗu: Lacca Kan Gasar Ces ta Ƙungiya a Makarantunmu

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zaman malaman sakandare da iyayen yara a birnin Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, shugabannin makarantu, iyaye mata, da 'ya'yanmu ɗalibai da na hango sun cika bayan ɗaki, barkanmu da haɗuwa. An nemi in yi magana a kan wasan ces a makarantu. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan reshe guda: gasar da makaranta ke shiga da sunanta, yara huɗu su zauna a jere, sakamakonsu ya haɗu ya zama na makarantar.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, allo ne mai gida 64, mutum biyu ke zama a kansa, kowa da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, dakaru takwas. Wanda ya rutsa sarkin ɗan'uwansa har ya rasa mafita, shi ya ci. Babu jefa ƙuri'a a ciki, babu ɓoyayyen kati, komai a fili yake. Wasan ya taso daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranji, aka yi gwanayensa a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, daga ƙasashen Musulmi ya tsallaka Turai. Ko a Borno an san wani nau'insa tun da daɗewa. Mu kuma muna da darar gida, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Yaron da ya taso yana leƙen dattawa suna dara a gindin bedi ya riga ya san zaman shiru da hangen abin da abokin wasa ke ƙullawa.

To, yaya ake gasar ƙungiya? Makaranta ta fitar da 'yan wasa huɗu da na biyar ɗan ko-ta-kwana. A jera su bisa ƙarfi: gwani a tebur na ɗaya, mai bi masa a na biyu, har zuwa na huɗu. Ɗaya makarantar ma haka. Ƙungiya guda ta riƙe fararen 'ya'ya a tebur na ɗaya da na uku, ɗayar a na biyu da na huɗu, don kada wani ya ce an fifita wani, tunda mai farare ke fara tafiya. Wanda ya ci wasansa maki ɗaya, kunnen doki rabin maki. Ƙungiyar da ta tara biyu da rabi ta lashe karawar. Wannan shi ne tsarin babbar gasar ƙasashe ta duniya da FIDE, hukumar ces ta duniya, ke shiryawa, wadda aka fara a Landan a 1927.

Ina so ku riƙe lissafin nan da kyau. Gwanin makarantarku, ko ya fi kowa a jihar nan, maki ɗaya tak zai iya kawowa. Sauran ɗaya da rabin yana hannun yaran da ba a yi musu tafi.

Bari in kai ku Chennai ta Indiya, gasar ƙasashe ta 2022. Nowe ta je da Magnus Carlsen, zakaran duniya a lokacin, a tebur na ɗaya. Ya buga da kyau har ya samu lambar tagulla ta teburinsa, amma ƙasarsa ta ƙare a ta 59. Amurka, wadda aka sa a gaba kafin a fara, ta ƙare a ta biyar. Kofin ya tafi Uzbekistan, wadda aka jera ta 14, yawancin 'yan wasanta samari, na tebur na ɗaya, Nodirbek Abdusattorov, shekararsa 17. A zagayen ƙarshe suka haɗu da Holan. Tebur na ɗaya kunnen doki, na biyu kunnen doki, na uku kunnen doki. Jakhongir Vakhidov, mai tebur na huɗu, shi ya ci wasansa, aka tashi biyu da rabi da ɗaya da rabi, zinare ya tabbata.

Wannan ne ya sa nake fifita gasar ƙungiya a kan ta ɗaiɗaiku idan makaranta ake magana. A gasar ɗaiɗaiku, shugaban makaranta yana iya samun yaro guda wanda yayansa ya koya masa a gida, ya sa shi a mota, yaro ya ciyo kofi, a ɗauki hoto, a ajiye kofin a ofis. Makarantar ba ta koyar da kowa komai ba. Amma kafin ka fitar da biyar masu ƙwari, sai ka tara ashirin suna bugawa duk mako. Dole gwanin nan ya zauna da ƙannensa ya nuna musu inda suke faɗawa rami, don ya san in suka faɗi tare za su faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na taɓa tsayawa alƙalanci a wata karawar sada zumunci tsakanin makarantun 'yan mata biyu. Tebura uku sun gama, ana ɗaya da rabi da ɗaya da rabi. Saura wata 'yar aji biyu a tebur na huɗu, ƙarama ce har sai da aka ɗora mata jakar littattafai a kan benci don ta ga allon sosai. Tana da sarki da dakare ɗaya, abokiyar karawarta sarki kawai. Masu wasan sun san wurin nan: in ka yi gaggawar tura dakaren, sarkin can ya tare gabansa, wasa ya mutu kunnen doki. Sai sarkinka ya wuce gaba ya share hanya tukuna. Na ga hannunta ya tashi zuwa kan dakaren, ya tsaya a sama, ta janye shi ta cusa ƙarƙashin hijabi. Yayyenta uku suna tsaye can bakin ƙofa, doka ta hana su ko da gyaran murya. Ta ɗauki kusan minti biyu tana kallo, sannan ta matsa da sarki. Da aka gama, kyaftin ɗinsu, wadda ta sha kaye a tebur na ɗaya, ita ta fara zuwa ta rungume ta. Da gasar kowa-tasa-ta-fisshe-shi ce, da yarinyar nan tana gida ranar, don ba wanda zai zaɓe ta.

Janye hannun nan da ta yi yana da dalili. Dokar wasan ita ce ɗan da ka taɓa shi za ka motsa, in ka saki kuma ba komawa. Akwai agogo mai fuska biyu, kowa da lokacinsa, wanda nasa ya ƙare ya faɗi ko da shi ke kan gaba. A wasa mai tsawo kowa yana rubuta tafiyarsa da ta abokin karawa a takarda. Malamai, takardar nan ita ce dukiyarku. Ran Litinin ku zaunar da ƙungiya, a sake jera wasan tun daga farko, yaro ya nuna da yatsansa inda abin ya kuɓuce masa. Babu alƙalin da zai ɗora wa laifi, babu iska, babu rashin kyawun fili.

Yanzu ga abin da ke ɓata irin wannan gasa, kuma manya ke kawo shi. Na farko sojan gona: a ɗauko wanda ya gama makaranta, a ɗinka masa yunifom. Na biyu ya fi shi dabara: a ɓoye gwani a tebur na uku ko na huɗu don ya ci banza, a miƙa mai rauni tebur na ɗaya a matsayin hadaya. Na ga malamin da ya yi haka, kuma yaran sun gane sarai abin da aka yi da su. Maganinsa, kowace makaranta ta miƙa jerin sunayenta a rubuce kafin zagayen farko, da sa hannun shugaban makaranta, jerin nan kuma ba ya canzawa har a gama. In wani bai zo ba, na ƙasa da shi su matso sama, ɗan ko-ta-kwana ya shiga tebur na huɗu. Waya kuwa ba ta shiga ɗakin wasa, ta ɗalibi ko ta malami, don manhajar da ke cikin ƙaramar waya yau ta fi ƙarfin zakaran duniya.

Akwai maganar da ba zan yi muku ba, ko da za ta fi saurin jawo kuɗi. Ba zan ce ces zai sa yaranku su ci lissafi a jarrabawa ba. A Ingila an yi babban gwaji a makarantun firamare, aka fitar da sakamakon a 2016, ba a ga bambanci a makin lissafi tsakanin waɗanda aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba. Abin da zan tsaya a kai shi ne wanda ido ke gani a ɗakin gasa: yaro ya zauna awa guda a kan matsala ɗaya, ya yanke shawara shi kaɗai, ya miƙa hannu ga wanda ya kayar da shi, sannan ya tsaya jiran sakamakon ɗan'uwansa. Ga kuma yaran da filin ƙwallo bai da wurinsu: mai lalurar ƙafa, mai ciwon sikila, yarinyar da iyayenta ba sa son ta yi guje-guje. Su ma suna son ranar da za a kira sunansu a asambuli.

Na san akwai tambayar da ke zukatan wasu iyaye, kuma ta cancanci a amsa ta da girmamawa. Malamai sun yi saɓani a kan shaɗaranji tun da can. Imamu Malik ya ƙi shi, kuma mu nan mazhabarsa muke bi. A wajen Shafi'iyya makaruhi ne matuƙar babu caca, bai sa an jinkirta salla ba, babu zagi da alfasha. Inda duk suka haɗu shi ne, in kuɗin caca ya shiga ko salla ta wuce, ya haramta. Fatawa ta malamai ce, ga su nan a zaune, su za mu koma wa. Abin da ke wuyanmu masu shiryawa shi ne kada a sa ko sisi a kan allo, a tsara zagaye yadda kiran salla zai same mu a tsakani, a nemi izinin uba kafin a rubuta sunan ɗansa, wanda ya ce a'a kuma a girmama shi ba tare da gori ba.

Wani zai ce ina wannan hanya za ta kai yaro? A 2023 FIDE ta yi gasar ƙungiyoyin makarantu ta duniya a Aktau ta Kazakistan, rukunin 'yan ƙasa da shekara 12 da na 'yan ƙasa da 18, makaranta da makaranta. Armeniya, ƙasa mai mutane wajen miliyan uku, ta lashe gasar ƙasashe a 2006 da 2008 da 2012, ta kuma sa wasan cikin darussan firamare a 2011. A gida, Odion Aikhoje ya ciyo wa Najeriya zinaren tebur na biyu a gasar 1998. Tunde Onakoya ya fara koyar da yaran unguwannin talakawa a Legas a 2018, har ƙarƙashin gadar Oshodi. Katsina kuwa ba yau ta fara karɓar wasan waje ta gwanance da shi ba, ku tuna folo tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo. Shi folo sai da doki. Wannan kafinta zai yanka allon, ko a zana shi a kwali, a yi 'ya'yan da marafan kwalba kafin a samu na saye.

Shawarata, kada mu fara da gagarumin biki na yini guda mai rumfuna da manyan baƙi, a watse sai baɗi. Mu fara da makarantu takwas a cikin gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Sauri, yadda ba wanda zai hau babbar hanya ko ya kai dare. Kowace ta kara da kowace, zagaye bakwai ke nan, Asabar bakwai, ya shiga zango ɗaya. Mai masaukin baƙi allo huɗu kawai take buƙata da aji guda mai shiru. Kowane ɗan wasa minti 25. 'Yan mata da nasu rukunin, malamai mata su raka su. Ƙungiyar da ta ci karawa maki biyu, kunnen doki ɗaya. Ba a korar kowa, wanda ya sha kashi yau zai dawo mako mai zuwa. Daura da Funtuwa da Dutsin-Ma da Malumfashi su yi nasu haka, ƙarshen shekara zakarun su haɗu.

Lambar yabo kuma a yi ta tebur-tebur, kamar yadda ake yi a gasar ƙasashe: gwanin tebur na ɗaya da tasa, na huɗu da tasa iri ɗaya, ɗan ko-ta-kwana ma haka. Abin da nake roƙon kowane shugaban makaranta kafin ya fita shi ne sunan malami guda da zai riƙe kulob ɗin, da awa biyu a mako a cikin jadawali. Takarda tana wajen sakataren zama, bayan La'asar kuma za mu jera alluna a nan ga malaman da ke son a nuna musu tafiyar 'ya'yan. Na gode, wassalamu alaikum.