Saitin kyamara da rada bayan canza gilashin mota

Zainab: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Malam Sani, me ya sa canza gilashin gaba kaɗai ke jawo saitin kyamara?

Malam Sani: Ai kyamarar da ke duba hanya don taimaka wa direba, har ta sa mota ta taka burki da kanta, a jikin gilashin take, bayan madubin tsakiya. In ta karkace da digiri 1 kacal, a nisan mita 100 ta kauce da kusan mita 1.75, wajen rabin faɗin layin titi ke nan. Sai ta ɗauka motar gefe ce a gabanta, ta taka burki ba gaira ba dalili. Kuma sau da yawa ko fitilar gargaɗi ba ta kunnawa.

Aminu: Abin da sababbin shiga ke rainawa shi ne shiri. Kafin a jona kwamfutar gwaji, a gyara iskar tayoyi, a kwashe kaya daga but, domin bayan mota in ya nutse, kyamara sama za ta kalla. Wasu kamfanonin ma sai an cika tanki.

Zainab: Allon saitin fa, wanda ake kafawa a gaban mota kyamara ta kalla, da hancin mota ake auna shi?

Malam Sani: A'a, Malama Zainab. Bamba tana iya gocewa. Ko dai a fitar da layin tsakiyar mota da igiyar awo ko leza, ko a bi alkiblar tayoyin baya, gwargwadon littafin kamfanin. Shi ya sa ake fara daidaita tayoyi, a kuma saita na'urar da ke auna kusurwar sitiyari. Daɓen kuma ya zama shimfiɗaɗɗe, hasken ɗaki ba ya ƙyalli a kan allon. Nisan allo da tsayinsa, kowace mota da nata, ba a ƙiyasi.

Aminu: Rada kuwa, wato na'urar da ke auna nisan abin da ke gaban mota, ƙarfe ne matsalarta. A kawar da akwatin kayan aiki da jak daga gabanta, kada ta kama su maimakon abin saitin. In a bayan bamba take, fenti mai kauri ko ciko a bambar shi ma yana dakushe ta. A kuma jona batir da caja mai riƙe wuta, don in ya yi sanyi ana tsaka da aiki, sai a koma farko.

Zainab: To saitin kan hanya?

Malam Sani: Wannan tuƙi ake yi da kwamfuta a jone, a gudun da ta nema, a titin da zanen layinsa ke fitowa sosai. Ruwan sama ko hazo kan hana shi kammaluwa. Wasu motocin duka biyun suke buƙata, na gareji tukuna sannan na hanya.