Sharhi: Wa ya kashe kakan bijiman dajin Amurka?

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Yau dai mu ɗan ajiye siyasa da tsadar kaya, mu yi maganar wani sa da ya mutu tun duniya na kwance.

A shekarar 1979 ne wasu masu haƙar zinare kusa da garin Fairbanks a jihar Alaska ta Amurka, suna ta fesa ruwa da mesa suna narkar da daskararriyar ƙasa, kawai sai ga gawar wani ƙaton bijimi ta ɓullo, da fatarsa da ƙahonsa da namansa. Jikinsa shuɗi ne shar kamar an tsoma shi a rijiyar baba ta Ƙofar Mata, wani sinadari ne na ƙarfe da ya taru a fatar, da iska ta buge shi sai ya rine. Aka sa masa suna Blue Babe. Masanin da ya yi aiki a kansa, Dale Guthrie na jami'ar Alaska, ya ga shatin farce a bayansa da ramukan haƙori, har da guntun haƙorin da ya karye ya maƙale, ya gane zaki ne ya kayar da shi. E, zaki a Alaska, lokacin akwai su. Da alama farkon sanyi abin ya faru, gawar ta daskare kafin zakunan su gama cinyewa, daga baya laka ta rufe ta. Awon farko ya ce shekara 36,000, na baya-bayan nan ma ya ce ta kai 50,000.

Abin da mutane suka fi riƙewa a labarin shi ne a 1984 Guthrie da abokan aikinsa sun yanki naman wuya sun yi farfesu sun sha, wai yana ɗan warin ƙasa amma ya ciyu kuma babu wanda cikinsa ya ɓaci. Mu dai a wajenmu mushe mushe ne ko na jiya ne, balle na shekara dubbai, Allah ya ba su lafiya.

To ni ba farfesun ne ya dame ni ba. Wannan dabba masana na ce mata Bison priscus, kuma kar a haɗa ta da ɓaunar da ake gani a Yankari, dangi ne dai na nesa. Tsayinta a kafaɗa ya kai mita 2, nauyi wajen kilo 900, ga doro ga ƙahoni masu faɗi. Ta cika duniya tun daga Sifen da Faransa, inda mutanen zamanin can suka zana hotonta a bangon koguna, har Saberiya ta ƙasar Rasha, domin a zamanin ƙanƙara duk wannan shimfiɗar fili ne na busasshiyar ciyawa, ita da giwa mai gashi da dawakin daji suke kiwo. Ruwan teku ya ja baya sosai lokacin, har tsakanin Rasha da Alaska ya zama tudu, ta nan garken suka taka suka shiga Amurka wajen shekara 195,000 zuwa 135,000 da suka wuce. Jikokinsu ne bijiman dajin nan masu gemu da kuke gani a fina-finan kaboyi.

Da yawa in an tambaye su me ya ƙarar da ita sai su ce ai mutum ne, mafarauta masu riƙe da mashi. Ni ban yarda a ɗora wa mutanen can laifin duka ba. A 2004 wata masaniya Beth Shapiro da tawagarta sun binciki ƙwayoyin gado na tsofaffin ƙasusuwa daga Alaska da Kanada da Saberiya, suka ga yawan dabbar ya fara raguwa tun wajen shekara 37,000 baya, tun mutane ba su yi yawan da za su girgiza garke a yankin ba. Yanayi ne ya juya, daga baya kuma da ɗumi ya shigo filin ciyawar ya koma fadama da kurmi da gansakuka, kuma duk makiyayi ya san abin da ke samun garke in makiyaya ta tafi. Farauta ta taimaka, ba musu, amma a hankali abin ya tafi, shekaru dubbai, har ma a 2011 an tsinci wata gawar a Yakutiya da ke Saberiya da ƙwaƙwalwarta da zuciyarta, shekarunta wajen 9,000 kacal.

Inda mutum ba shi da ta cewa shi ne kan jikokin. Farkon ƙarni na 19 ana ƙiyasta sun kai miliyan 30 a Arewacin Amurka. Jirgin ƙasa ya ratsa filin, kamfanonin jima suna neman fata, 'yan bindiga suna harbi su feɗe su bar nama yana ruɓewa, wasu ma ta tagar jirgi suke harbi don nishaɗi, hafsoshin soja kuma suna murna domin sun san in bijimin ya ƙare to ƙabilun asali da suka dogara da shi dole su miƙa wuya. Zuwa 1889 abin da ya saura bai wuce wajen 1,000 ba. A gandun Yellowstone farkon shekarun 1900 na dajin ba su fi 25 ba.

Yanzu sun farfaɗo zuwa dubu ɗaruruwa, sai dai galibi a gonakin kiwo suke cikin waya ana yanka su ana sayar da nama, kuma da yawansu an gauraya jininsu da na shanun gida. A 2016 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mai da bijimin dajin dabbar ƙasa ta Amurka.