Naɗe bayani a shafin intanet: yaushe akodiyan ya dace?

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na ɗaliban kwamfuta a birnin Katsina.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai, abin da masu tsara shafi ke kira akodiyan jerin kanun bayanai ne, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda idan aka taɓa ɗaya sai bayaninsa ya buɗe, in an sake taɓawa ya naɗe. An aro sunan ne daga wani abin kiɗan Turawa mai buɗewa da tsukewa kamar zugazugin maƙera. Duk mai karanta Wikipedia a waya ya sha ganin sa.

Ku ɗauka an ba ku aikin shafin wata makarantar sakandare. Da za ku jera kanun gefe da gefe, kai mai tsawo irin "Takardun da ake buƙata wajen rajista" ba zai shiga fuskar waya ba, alhali da waya yawancin iyaye za su duba. A nan akodiyan ya fi, domin kowane kai yana da layinsa.

Shawarata ita ce ku fara da abin da HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, ya tanada, wato alamomi biyu masu suna details da summary da ke buɗe bayani da naɗe shi, kafin ku jajibo lodin JavaScript, harshen da ake ƙara wa shafi motsi da shi. Manhajar buɗe shafuka ta Chrome ta karɓe su tun 2011, ta Firefox kuma a 2016. Details da summary ba sa cinye wa mai karatu data, suna aiki ko da sabis ya yi rauni an kasa sauke sauran kayan shafin, sannan manhajar da ke karanta wa makafi rubutu tana faɗa musu ko sashen a buɗe yake ko a rufe. Wanda ya dage sai ya ƙera nasa akodiyan, wajibi ne ya yi amfani da maɓalli na gaskiya na HTML tare da aria-expanded, alamar da ke sanar da waccan manhajar ko sashen a buɗe yake ko a rufe, kuma ana yawan mantawa da wannan.

A ƙarshen 2023 aka ƙara damar bai wa sassan details suna ɗaya, ta yadda buɗe wani zai rufe wani. Ni dai ina ɗari-ɗari da wannan. Uban da ke kwatanta kuɗin jeka-ka-dawo da na makarantar kwana yana son ya ga biyun a lokaci guda, ba ya riƙa buɗe wannan wancan na rufewa ba.

Ranar rufe rajista kuwa, don Allah kada ku naɗe ta ko kaɗan. Ku sa ta a saman shafi, a fili, domin mutane da dama ba za su taɓa ko kai ɗaya ba.