Bas ɗin Manchester sun koma rawaya kamar a daidaita sahu

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau a falon Anti Bilki muke a nan Oldham, kusa da birnin Manchester, in kun ji ƙarar cokali shayi ake haɗawa ku yi haƙuri. Ga Malam Habu shi ma yau ba ya aiki, shekararsa goma sha biyar yana tuƙa bas a garin nan. Malam ina gajiya?

Malam Habu: Ba gajiya Auwalu, ya karatu?

Auwalu: Alhamdu lillahi. To maganar bas za mu yi, don ƙanina ya ga hoton da na sa a status ya ce wai yaya ashe har a Ingila akwai a daidaita sahu, sai dai naku mai bene ne.

Anti Bilki: Wallahi ni ma ranar da na fara ganinsu abin da ya zo min kenan, rawaya shar kamar kana tsaye a Kofar Wambai. Ba na mantawa cikin azumi ne, 24 ga Maris 2024, ran Lahadi, na taso daga aikin dare ido ya yi nauyi ina jiran bas mai lamba 409 ɗin da ke bi daga Rochdale ta Oldham zuwa Ashton, lambar dai ita ce amma sunan da ke jikin motar ya canza, shekara da shekaru kamfanin First muka sani a nan sai ga kamfanin Stagecoach sun karɓi garejin Oldham. Na leƙa na ga direban kuma wanda na saba gani ne, na ce bawan Allah ka canza wurin aiki ne, ya ce a'a wurin aikin ne ya canza ni.

Malam Habu: Gaskiya ya faɗa miki Hajiya. A dokar ƙasar nan in sabon kamfani ya karɓi aiki, ma'aikatan yake gada da albashinsu da shekarun aikinsu. Ka kwanta Asabar kana ma'aikacin wannan ka tashi Lahadi kana na wancan, yunifom kawai aka sake maka. Shi ya sa nake ce wa mutane sunan kamfanin nan ba shi ne labarin ba.

Auwalu: To mene ne labarin Malam? Don ni dai abin da na gani fenti ne da hoton ƙudan zuma.

Malam Habu: Zumar alamar Manchester ce tun zamanin masaƙu, shi ya sa aka sa wa tsarin Bee Network. Amma bari in maka da yaren gida. Ka san balas?

Auwalu: Haba Malam, kuɗin da direba ke kai wa mai mota kullum yamma.

Malam Habu: Yawwa. Direban da ke neman balas ina yake zuwa? Inda fasinja suke. Ba za ka gan shi a lungun da mutum biyu ke jira ba, kuma da dare ya yi ciniki ya mutu ya tafi gida. To tun 1986 zamanin Thatcher haka aka mai da bas a Ingila in ban da Landan, kowane kamfani shi zai zaɓi hanyarsa, ya yanka kuɗinsa, ya tsara lokacinsa, abin da ya samu nasa ne. Hanya mai tsoka irin Oxford Road ta 'yan jami'a ko 192 ta Stockport sai ka ga motoci na bin juna kamar jerin gwanon biki, unguwar da ba riba kuwa sai hukuma ta biya wani ya je, in ba kuɗi shi kenan. Yanzu an juya abin. Hukumar sufurin yankin, TfGM, ita ke cewa ga hanya ga lokaci ga kuɗin mota, kuɗin fasinja wurinta suke shiga, kamfani kwangila kawai yake ci a biya shi ya kawo direba ya tuƙa. Wato an tashi daga direban balas an koma direban albashi.

Anti Bilki: Ni wancan tsohon tsarin ya ci min kuɗi ba kaɗan ba. Lokacin da na zo sabuwa na sayi tikitin sati, murna nake na huta, washegari ana yayyafi na shiga wata mota na miƙa, direban ya kalla ya ce wannan ba namu ba ne. Na ce ba bas ba ne? Ya ce bas ne amma kamfani daban. Ba zan kama suna ba, amma haka na sauko da kunya na tsaya kusan rabin awa motoci uku suka wuce ni duk hanyata suke bi, ni kuma ina riƙe da takarda kamar mai neman aiki.

Auwalu: Akwai fa tikitin da ke shiga kowace mota a lokacin.

Anti Bilki: Akwai, ya fi tsada, kuma wa zai gaya wa baƙo? Yanzu fam 2 ne ko wace ka hau, yara fam 1, na yini fam 5. Kuma tun Janairun 2025 in ka biya fam 2 ɗin nan kana iya sauka ka hau wata cikin awa ɗaya ba ƙari, ni da nake hawa biyu kafin in kai gidan tsofaffin da nake aiki ka lissafa min a wata.

Auwalu: Kuma a lokacin ne a yawancin sauran Ingila aka ɗaga nasu zuwa fam 3, nan aka bar shi a 2. Amma Anti bari in zama ɗan adawa yau. Kuɗin nan daga wani wuri suke fitowa. Sauyin kansa an ce ya kai kusan fam miliyan 135, wani ɓangare daga harajin gida da muke biya ne, kuma da in fasinja sun yi ƙaranci asarar kamfani ce, yanzu asarar hukuma ce, wato tamu.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne ba wanda zai musa. Amma da ma ana zuba kuɗin gwamnati a ciki, na tsofaffi masu hawa kyauta da na hanyoyin da ba riba, sai dai ana biya ne ba a da ta cewa. Kuma kar ka ɗauka kamfanonin sun sallama da daɗin rai, Andy Burnham ya yanke shawarar a 2021 a matsayinsa na magajin garin yankin Manchester, biyu daga cikinsu suka kai ƙara kotu, a 2022 kotu ta ba shi gaskiya. Sannan aka bi abin kashi uku, Bolton da Wigan a Satumbar 2023, mu nan da Rochdale a Maris 2024, kudanci su Stockport da Tameside da Trafford a 5 ga Janairu 2025, inda Metroline na Landan suka shigo.

Anti Bilki: Malam ku faɗi na makon farko mana, kuna ta kare su.

Malam Habu: Hajiya ba karewa nake ba. Duk inda aka yi irin wannan sauyi makon farko sai an sha wuya, sabuwar na'urar tikiti, sababbin direbobi da aka ɗauko daga wasu garuruwa don cike gurbi. Ni da kaina na hau wata a matsayin fasinja, a wani gari ba nan ba, yaron ya zo shataletale ya rasa inda zai bi, wata tsohuwa da kekenta na cefane ta taso ta tsaya bayansa tana cewa hagu ɗana, hagu, har muka kai tasha ita ce kwandasta.

Auwalu: Allah sarki. To ni ƙorafina cunkoso ne, fenti ba ya buɗe hanya, da yamma in ka shiga Oldham Road ko motar rawaya ce ko ja tare za ku tsaya.

Malam Habu: Wannan kam sai an ƙara layin bas, kuma ranar da aka ce za a rage wa masu ƙananan motoci hanya za ka ji ihu, har da kai in ka sayi taka.

Anti Bilki: Ni abin da ya fi min shi ne yanzu na san ƙofar da zan buga. Da in mota ba ta zo ba kansila zai ce ba ruwansa kamfani ne, kamfani ya ce cunkoso ne. Yanzu manhaja ɗaya ce a waya, kana ganin inda motar take, kana iya ba ta maki, kuma wanda ke riƙe da abin zaɓensa ake yi. Sai dai ina da bukata, an sa motar dare a hanyoyin V1 da 36 tun Satumbar 2024, can Leigh da Bolton, mu masu aikin kula da tsofaffi da masu shara a asibiti da ke fita ƙarfe biyar na asuba ran Lahadi fa? Tasi ɗaya ta cinye min aikin awa guda.

Auwalu: Kin rubuta musu?

Anti Bilki: Sau biyu, kuma zan ƙara, har 'yan ƙungiyarmu ta mata na sa kowa ta rubuta.

Malam Habu: Ki sa da lambar motar da lokacin da kike so, sun fi duba irin wannan. Auwalu duba min wayarka, 409 saura minti nawa?

Auwalu: Shida Malam.

Malam Habu: To ku rufe, gwiwar nan ba ta gudu. Hajiya na gode da shayi.

Anti Bilki: Ku tsaya ku ɗauki cincin ɗin nan ku kai wa su Maman yara, Auwalu miƙo min leda a kicin.