Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinar Lafiya a Wajen Buɗe Ɗakin Duba Lafiyar 'Yan Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinar Lafiya, ranki ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Iyayenmu mata, malaman makarantu da 'ya'yanmu 'yan mata, barkanku da zuwa.

Hajiya, a madadin ma'aikatan wannan asibiti ina yi miki sannu da hanya. Allah ya saka da alheri.

Ɗakin da za ki buɗe yau ƙarami ne, gado ɗaya da labule da ma'aikaciyar jinya mace, amma mun daɗe muna nemansa. Yarinya 'yar shekara 13 ba za ta zauna benci ɗaya da matan da suka zo awon ciki, cikinsu har da maƙwabciyar uwarta, ta buɗe baki ta ce tana fama da ƙaiƙayin gaba ba. Shiru take yi. A gida a ce ciwon sanyi ne, a jiƙa mata sassaƙe ko a sayo kafso a kemis. Wata jinin al'ada ya zarce mata kwana 7 duk wata, har cikin idonta ya yi fari fat, a ce ai za ta saba. Wata kuma ciwon mara ne ke hana ta makaranta.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yankan gishiri. Al'ada ta yi wa yarinya jinkiri, sai a kira wanzami ko ungozoma, aska ta taɓa mafitsara, shi ke nan yoyon fitsari ya same ta. Haka ma doguwar naƙuda ke yi wa yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba. Irin waɗannan sai an kai su manyan cibiyoyi kamar ta Babbar Ruga a Katsina kafin a yi musu gyara, alhali da an zo mana da wuri da ba a kai ga haka ba.

Tun watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, allura ɗaya, kyauta. Har yanzu muna jin raɗe-raɗin wai tana hana haihuwa, kuma ba gaskiya ba ne. Malam Liman da mai girma Hakimi, maganarku ta fi tamu shiga kunnen magidanta, don Allah ku taya mu.

Ranki ya daɗe, roƙonmu shi ne a ƙaro mana ma'aikaciyar jinya mace ko da ɗaya ce, saboda 'yan makaranta sai da yamma suke samun zuwa. Muna kuma buƙatar audugar mata da maganin ƙarin jini.

Yanzu ina gayyatarki ki taso ki buɗe mana ɗakin. Bismillah, Hajiya.