Gashin da ya karye yana dawowa, wanda aka tumɓuke ba lalle ba ne

Assalamu alaikum. Ɗauko matajin da kike amfani da shi kullum, ki duba abin da ya maƙale a haƙoransa. Zaro sili ɗaya ki ɗora a kan farar takarda. Idan dogo ne, kuma akwai ɗan farin ƙulli a gindinsa, wannan gashi ne da ya gama kwanansa ya faɗi, wani na nan tafe a gurbinsa. Kan mutum yana ɗauke da sili wajen 100,000, kuma a zubar da 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. In kuwa guntaye kika gani, gajeru, babu ƙulli a jikinsu, to karyewa suka yi a hanya.

Mata da yawa suna cewa gashinsu ba ya tsawo. Yana yi. Gashi na fitowa kusan santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ya ɗan gaza haka kaɗan. Matsalar ita ce abin da ya ƙaru daga tushe shi ne ke ɓallewa daga baki, sai a shekara ana ganin tsawo ɗaya.

Dalilin da ya sa namu ya fi saurin karyewa yana cikin halittarsa. Silin a murɗe yake, kuma duk inda ya lanƙwasa wurin yana da rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ma ba ya iya gangarowa har baki saboda wannan murɗewar, shi ya sa gashinmu ke rayuwa cikin ƙishi. Bayan silin kuma lulluɓe yake da wasu ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar ɓawon kifi. Muddin suna kwance, danshi na zaune a ciki. Da zarar sun ɗaɗɗaga, gashi ya yi kaushi, ya sarƙe, ya fara tsagewa. Ga kuma hunturu, lokacin da iska ke zuƙe danshin komai, har leɓe da diddige.

A irin wannan hali ne za ki ga an tsefe kitson da ya yi wata biyu, cikin sauri saboda makitsiya na jira, a kafa ƙaramin mataji tun daga tushe a ja. Wannan ƙarar ƙas-ƙas da kike ji, gashi ne ke tsinkewa. A fara yayyafa ruwa, a shafa ɗan mai, a warware da yatsu, sannan a sa mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki ana hawa zuwa tushe. Zai ɗauki lokaci, to a fara tsifar tun da dare.

Wanke kai da sabulun wanki ko garin wankin kaya yana kwashe maiƙon nan kakaf. Sabulun da aka yi don cire dauɗar tufafi ya fi ƙarfin gashi. Iyayenmu na wanke kai da karkashi, kuma suna da hujja: yauƙinsa na sa sili ya zame a kan ɗan'uwansa, sarƙewa ta warware ba tare da an yi ta fizga ba. Wanki sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar. Sai dai a bari kai ya bushe sosai kafin a ɗaura ɗankwali a ɗora hijabi, domin jiƙaƙƙen gashi a rufe cikin zafi shi ke kawo wari da ƙaiƙayi. Mai kuma, ko man kaɗanya ne ko na kwakwa, aikinsa tsare danshi. Ruwa ne ke shiga cikin gashi, mai ya rufe ƙofa, saboda haka a shafa shi lokacin da gashi ke da sauran laima. Haka ma chebe, garin gyaran gashi da matan Chadi suka shahara da shi. A jikin sili ake shafa shi, yana rage karyewa, tsawon da aka samu ya zauna.

Sai rilaksa, wato man miƙar da gashi. Sinadarin da ke cikin rilaksa mai ƙarfi dangin sodar nan ne da ake haɗa sabulu da ita. Abin da take yi shi ne ta karya igiyoyin da ke riƙe da murɗewar gashi daga ciki, kuma abin da ya karye ba ya komawa. Gashin ya miƙe, ya yi santsi, amma ƙarfinsa ya ragu har ranar da za a yanke shi. Zafin da ake cewa a daure masa don man ya kama, ƙuna ce. Wadda ta zaɓi ta ci gaba da sakawa, ta bar aƙalla mako 8 tsakani, ta shafa a sabon tsiro kaɗai, kada ta maimaita a kan wanda ya riga ya miƙe, kada kuma ta wuce mintunan da aka rubuta a jikin kwali. A shekarar 2022 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata fiye da 33,000, ya gano cewa masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da shi wajen kamuwa da kansar mahaifa. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke hukuncin cewa man ne sanadi ba, amma ya isa ya sa uwa ta yi tunani kafin ta shafa wa yarinya 'yar shekara shida.

Duk waɗannan ɓarna ce a jikin sili. Sili ba shi da rai, in ya lalace a datse shi, wani ya fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ke taɓa saiwa, wato kitso mai tsauri.

Kin san yadda ake yi ana gobe sallah. Yarinya na zaune a tabarma tsakanin ƙafafun makitsiya, an danne kanta a cinya, ana tsinto 'yan ƙananan gashin gaban goshi ɗaya bayan ɗaya don kada ko sili ya tsira. Tana hawaye ana ce mata ta yi haƙuri, ado sai da wahala. Ta tashi girarta a ɗage, fatar goshi na sheƙi, da dare ta kasa ɗora kai a matashi. Kwana biyu sai ga 'yan ƙuraje a bakin tsaga, wasu da farin ruwa a kai. Waɗannan ƙurajen saiwar gashi ce ta kumbura saboda ja. In aka sassauta a wannan mataki, wurin zai warke, gashi ya dawo. In aka ci gaba shekara da shekaru, ramin saiwar sai ya zama tabo ya toshe, fatar ta yi sumul tana ƙyalli. Daga nan babu man da zai tsirar da gashi a wurin, komai tsadarsa, komai daɗin bakin mai tallarsa.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Binciken da likitocin fata suka yi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2007, ya samu irin wannan zubewar gashi a kusan mace ɗaya cikin uku, da kuma kusan kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta. Haɗarin ya fi yawa ga wadda aka yi wa kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa, domin an haɗa rauni biyu a wuri guda. Ƙarin gashi da ulu suna ƙara nauyin da saiwar ke ɗauka. Ko babu kitso, tufke gashi tamau a wuri ɗaya kullum, da ɗaurin ɗankwali ko hular hijabi da ke gogar goshi daga safe har dare, suna yin aiki iri ɗaya a hankali.

Ba cewa nake a bar kitso ba. Kitso mai sauƙi yana cikin abin da ya fi kare gashinmu daga taza da iskar hunturu. Ki buɗe baki ki ce, "Baba, a sassauta hannu, a bar mini na gaban nan." Makitsiyar kirki ba za ta ji haushi ba. In kin isa gida yana zafi, ko sai kin sha maganin ciwon kai, ki warware layin gaban a daren, kada ki tsaya lissafin kuɗin da kika biya. A riƙa sauya salo da wurin tsaga, yau shuku, gaba kalaba, kada ja ya riƙa faɗawa wuri ɗaya. Kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8, kuma a bar kai ya huta 'yan kwanaki kafin wani. Da dare a ɗaura ɗankwali mai santsi, kada a tamke shi, domin auduga na tsotse danshi tana kuma gogar sili.

Akwai zubewar da ba ta da alaƙa da mataji ko kitso. Mai jego takan ga gashi na fita dunƙule-dunƙule wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Wannan sauyin sinadaran jiki ne, kuma yawanci yakan daidaita kafin yaro ya cika shekara. Zazzaɓi mai tsanani ma kan jawo haka bayan wata biyu ko uku. Ƙarancin jini na sa gashi ya yi shara-shara, don haka wadda ke fama da jiri da kasala tare da zubewar gashi ta je a auna jininta, ta kuma riƙe wake, ƙwai, hanta, kifi da zogale.

Yaron da aka ga wani da'ira a kansa, gashin wurin ya kakkarye, ga farin gari-gari, makero ne. Yana yaɗuwa ta mataji, hula da injin aski, saboda haka kowane yaro a ware masa nasa, a kuma tabbatar mai aski ya tsabtace injinsa. Man shafawa kaɗai ba ya kashe makero, domin ƙwayar cutar tana cikin saiwa. Sai an je asibiti an rubuta maganin sha, a sha na makonni har ya ƙare, ko da wurin ya fara kyau tun kafin nan.