Amsoshin Tambayoyinku: Idan Wurin Aiki Ya Zama Wurin Ɗaukar Ciwo

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware yau, duk a kan muzgunawa a wurin aiki da ɓarnar da take yi wa lafiya. Masu su sun nemi a sakaya sunayensu, mun kuwa sakaya.

Ta farko daga wata 'yar Zariya ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Ingila. Ta ce: "Shekara biyu ke nan shugabar sashenmu tana jibga mini aikin dare fiye da kowa. Sau biyu tana cire sunana daga kwas ɗin ƙarin girma. In na yi magana a taro sai ta ce na cika zafin kai. Wata rana har ta kama gefen hijabina a gaban jama'a tana dariya. Yanzu da na hango ginin asibitin sai gabana ya faɗi. Ga shi su suka ɗauki nauyin bizata. In ci gaba da haƙuri?"

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Haƙuri abu ne mai kyau, amma shi kaɗai ba zai tsaya miki shaida a gaban kwamiti ba. Rubutu ne zai tsaya. Daga yau ki sayi ƙaramin littafi, ki ajiye shi a gida, ba a lokar asibiti ba. Duk abin da ya faru ki rubuta shi a ranar: kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, wa da wa suke wurin, da ainihin kalmomin da aka furta. "Ta wulaƙanta ni" ba ta kama kowa. "Ranar Talata da ƙarfe bakwai da rabi, wajen miƙa aiki, ta kama hijabina a gaban mutum huɗu" ita ce ke kamawa. Ki adana jadawalin aiki na wata uku zuwa shida, ki ƙirga darenki, ki ƙirga na wadda kuke matsayi ɗaya da ita. In shugabar ta gaya miki abu da baki, ki bi ta da gajeren imel cikin ladabi: "Don in tabbatar na fahimta, kin ce ba zan shiga kwas ɗin bana ba saboda kaza." Ko ta amsa ko ta yi shiru, maganar ta shiga takarda.

Ga inda da yawa suke zamewa: garin neman hujja sai su ɗauki hoton fayil ɗin majinyaci, ko su tura shi wayarsu. Kul! Wannan kaɗai ya isa a kai ki gaban hukumar NMC mai ba da lasisin jinya, ki tashi daga mai ƙara ki koma wadda ake tuhuma. Binciken da ita hukumar ta fitar a 2020 ya nuna cewa ma'aikatan jinya baƙar fata sun fi fuskantar a kai ƙararsu can, don haka kada ki buɗe musu ƙofa da hannunki.

Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta haramta nuna bambanci da tsangwama saboda launi, jinsi ko addini, kuma kama hijabinki ya taɓo addini kai tsaye. Ta kuma haramta a yi miki ramuwar gayya don kin kai koke. Asibitocin gwamnati na NHS a Ingila suna da jami'in da aka ware don sauraren ma'aikacin da ke tsoron buɗe baki, tsarin da ya biyo bayan rahoton Robert Francis na 2015. Ki fara da shi da kuma wakilin ƙungiyarki ta ƙwadago, RCN ko Unison. In ba ki shiga ƙungiya ba, ki shiga yau, domin galibi ba sa tsaya wa mutum sosai a kan rigimar da ta riga shigarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kin rubuta koke a hukumance, kina da haƙƙin zuwa zaman da wakilin ƙungiya ko abokiyar aiki. Kada ki shiga ɗakin nan ke kaɗai.

Sai lokaci, wanda shi ne ya fi cin mutane. Wa'adin da aka daɗe ana bi wajen kai ƙarar wariya kotun ma'aikata wata uku ne ba kwana ɗaya, daga ranar da abin ya faru, kuma sai an fara sanar da hukumar sasanci ta Acas. Binciken cikin gida ba ya tsayar da wannan agogo. Asibiti na iya jan ƙafa wata huɗu, ki juyo ki tarar ƙofa ta rufe.

Batun biza kuwa, mun san shi ne ƙashin da ya tsaya miki a maƙoshi. Kada ki ajiye aiki cikin fushi: in aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi. Amma ba daurin rai da rai aka yi miki ba. Kina iya neman aiki a wani asibitin tun kina nan, su ba ki sabuwar takardar ɗaukar nauyi, ki sabunta biza, sannan ki miƙa takardar barin aiki. Ki duba kwantiraginki ko akwai kuɗin da za su ce ki biya in kin tafi da wuri. Faɗuwar gaban nan kuma ki kai wa likitanki, ki ce masa a sarari daga wurin aiki take, a rubuta haka. Kwana bakwai na farko ke da kanki za ki ba da shaidar rashin lafiya, bayan nan sai da takardar likita.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ne a Maraɗi: "Me ya sa ake ware mata baƙar fata in ana maganar muzgunawa a wurin aiki? Ai zalunci zalunci ne."

Gaskiyarka Malam, sai dai wani kayan tagwaye ake ɗora wa mutum. A 1976 aka yanke hukunci a ƙarar da wasu mata baƙar fata biyar suka kai kamfanin General Motors a Amurka, bayan an sallame su a ragin ma'aikata da ya fara ta kan 'yan baya-bayan nan. Su kuwa ba a fara ɗaukar irinsu ba sai a makare. Kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙarar launi da ta jinsi wuri guda: kamfanin yana ɗaukar mata, amma farare, maganar launi kuma a je a haɗa da ta maza. Ita baƙar mace sai ta faɗa tsakani. Daga irin wannan shari'a ce masaniyar doka Kimberlé Crenshaw ta fito da bayaninta a 1989, cewa wariya biyu in sun haɗu a kan mutum ɗaya suna haifar da ta uku. A 1992 kuma Arline Geronimus ta kawo bayanin cewa zama cikin ɗar-ɗar na shekaru yana cinye jikin baƙaƙen mata a hankali, kamar yadda damina ke zaizaye katangar ƙasa. Jikin da kullum yake cikin shirin kare kai yana ta zubo sinadaran tashin hankali, barci ya lalace, jini ya hau. Ga masu sauraronmu na Amurka: hukumar EEOC mai karɓar koken wariya a wurin aiki kwana 180 take bayarwa a kai ƙorafi, a jihohi da dama har 300.

Ta uku daga Kano ce, kuma ita ta fi tsaya mana a rai. Ta ce: "Na yi aikin nemo kwastomomi a wani banki. Ogana yana zagina a gaban kowa in ban cika adadin kuɗin da aka yanka mini ba. Wata rana ya kulle ofis ya nemi ya taɓa ni, da kyar na kuɓuta. Wata takwas ke nan da barin aikin, amma ina mafarkinsa, in waya ta yi ƙara jikina ya ɗau rawa, ba na iya bin titin bankin. A gida an ce iska ce, wasu sun ce raunin imani. Ina sayen ƙwayar barci a kemis."

Baiwar Allah, abin da ya same ki ba laifinki ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon da firgici ke bari a baya, wanda likitoci ke kira PTSD. Alamominsa uku duk suna cikin wasiƙarki: abin yana dawo miki a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, kina gudun duk abin da zai tuna miki, jikinki kuma kullum a tsaye yake kamar mai gadin dare. In haka ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, lokacin ganin likita ya yi. Wannan daban yake da gajiyar aiki mai kashe zuciya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar wurin aiki. Ita takan yi sauƙi in an rage kaya ko an sauya wuri. Naki ya biyo ki har gida.

A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ki nemi a auna jininki da hawan jini da maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna kawo bugun zuciya. Babban maganin wannan ciwo zama ne da ƙwararre a tattauna abin da ya faru daki-daki, kamar zama takwas zuwa goma sha biyu, har tunanin ya daina zuwa da rawar jiki. In an haɗa miki da ƙwaya, takan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin ki ji canji. Da yawa a nan suke yarwa su ce ba ta aiki.

Ƙwayar kemis ɗin nan ki ɗauki kwalinta ki nuna wa likita. In irin su diazepam ce, jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, kuma yanke ta lokaci guda yana da haɗari; a hankali ake janye ta. Kafin ki samu ganin likita, in rawar jikin ta zo, ki zauna, tafin ƙafa a ƙasa, ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, na minti biyar, kina faɗin abubuwan da idonki ke gani a ɗakin. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa karo da magani.

In kina son bin haƙƙinki, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma tun a 2013 ta taɓa yanke wa wata mata diyya a kan irin wannan cin zarafi. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022, wadda ta haramta shi. Kada ki goge saƙonninsa na waya. Ki kai su wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Amma ki fara da lafiyarki. In kuma tunanin raba kanki da duniya ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi: ki gaya wa wadda kika amince da ita, ta raka ki sashen gaggawa a daren. Ki sake rubuto mana bayan kin ga likita, mu ji yadda jikin yake.